Sulen da Ke Ƙarƙashin Kwano

Duk faɗin Sharaɗa ba a taɓa yin yaro mai farin jini irina ba, wanda ya musa ya je ya tambayi iyayensa. Na tabbatar da haka wata Litinin ta damina, shekarar da na shiga aji biyar, ina taya Goggo aiki a rumfarta ta shinkafa da wake a ƙofar wata masaƙa. Jiniya ta busa, ma'aikata suka koma ciki da audugar aiki a gashinsu, na zo kwashe kwanuka. Na ɗaga wani da aka kife, sai ga sule. Na ɗaga na kusa da shi, wani sulen. Na ce lallai mutanen nan sun san darajar mai kawo musu miya da gudu.

Na yi shiru da bakina, sai dai cikina ya tona ni. Kullum alawar madara, kullum rake, na sayi ƙwallon roba har na zama mai zaɓen 'yan wasa a layinmu. Goggo ta fara kallona ta gefen ido, ta ɗauke gwangwanin cinikinta daga kan benci ta tura ƙarƙashin kujerarta. "Yaron da bai gaji komai ba yana ƙiba, a duba tukunya," in ji ta. Iya Hansatu kuwa, dattijuwar Damagaram mai mana wanke-wanke, ta daina waƙa a bakin baho. In na kawo kwanuka sai ta juya kowanne, ta leƙa, ta dubi Goggo, ta yi tsaki. Su ma'aikatan suka riƙa bin hannun Goggo da kallo. Rumfa ɗaya, kowa na zargin kowa, ni kaɗai nake ta sheƙi.

Ashe al'ada ce tsakanin ma'aikatan. Sun san ladan da Goggo ke ba Iya Hansatu ko sabulu bai isa ba, sai wanda ya samu sarari ya kife kwanonsa a kan sule, ba tare da mai rumfa ta sani ba. Da can Iya ke kwashe kwanukan da kanta.

Malam Sale, wani mai gyaran injin saƙa, shi ya laɓe bayan tankin ruwa ya kama ni da sule a hannu. Magana ta fito fili, kuma a nan ɓarnar take. Goggo ta ce tunda akwai masu biyan Iya, ita za ta rage nata. Kwana uku ma'aikata suna wucewa rumfar mai ɗanwake, shinkafarmu na kwana, kafin ta janye maganar.

Yanzu a gidajen abincin Hotoro ana miƙa wa masu kawo abinci irin wannan kyautar a fili, har da murmushi, amma in na bayar sai zuciyata ta ce wa ya sani ko maigidan ya riga ya zabge ta daga albashi. Mai wanke-wanke kuwa ko ganinta ba a yi.

A wancan lokacin dai, ranar da ƙura ta lafa na lallaɓa wurin Malam Sale, na ce, "Malam, amma ai ko sule ɗaya a ciki nawa ne ko?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da rabin miyarmu ke ƙarewa a rigarka?"