Tambayar Hajiyar Laburare

Jiya har na ɗaga yatsa zan tura saƙon rasuwar wani maƙwabci, sai na tuna marigayiya Hajiya, mai kula da laburaren makarantar da nake koyarwa a Ƙofar Sauri. Ɗakinta kullum ƙanshin turare da tsohuwar takarda yake. Ɗaliba ba ta taɓa kwamfuta sai ta karanta shafi biyu.

Wata rana na shiga da waya, na ce an ɗage jarrabawa. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga littafin da take liƙewa.

"Malama, wa ya faɗa?"

Ban sani ba, kuma na riga na tura wa ɗalibaina. Biyu suka rasa jarrabawar.

Jiya sai na fara kiran gidan maƙwabcin. Shi da kansa ya ɗauka.

Allah ya haskaka kabarinki, Hajiya.