Shirun Da Na Yi Ranar Da Aka Karya Sefa

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Janairun 1994, ni ke da sharar ofishin hedimasta a firamarenmu ta Wagini. Ina aji biyar, sanyi ya sa yatsuna da kyar suke riƙe tsintsiya. Hedimasta yana bakin ƙofa da 'yar rediyonsa a kunne, sai ya ƙwala wa malamin lissafi kira, ya ce masa an karya sefa, kuɗin Nijar, an raba darajarta biyu. Ya ce duk mai ajiyarta ya kwana da dukiya ya tashi da rabi. Na ci gaba da shara kamar ban ji ba, amma na san mutum ɗaya a garinmu da ke ajiyar sefa: Baffa Ilu, wan mahaifina.

Gidanmu gandu ne, Baffa ke riƙe da gona da rumbu da garma. Shi kaɗai ke kai wake kasuwar Jibiya, shi kaɗai ya san canji. Manya sun ce a da naira ɗaya takan kwashi sefa ɗaruruwa, har ana yi wa 'yan ƙetare dariya. Amma a shekarun da na yi wayo naira ta yi ta zubewa, sefa tana tsaye. Baffa ya riga kowa ganewa, ya riƙa tara ta a gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonsa.

Inna, mahaifiyata, 'yar ƙetare ce, daga wani ƙauye kusa da Madarunfa. Shekara biyu kafin wannan rana mahaifinta ya rasu, aka aiko mata da gadonta ƙulle a tsumma, sefa zalla. Burinta ta sayi karsana. Baffa ya karɓa ya ce zai canzo mata, ya dawo ya yi mata lissafi da tsohon canji na zamanin ƙarfin naira, ya miƙa mata abin da bai wuce kuɗin 'yar akuya ba. Akuyar ta saya. Bayan sati biyu wani jan sa ya shigo gidanmu, aka haɗa shi da farin da muke da shi. Sai da ƙanen Inna ya zo ziyara ya tambayi ina saniyar, sannan muka gane da ragowar gadonta Baffa ya sayi jan san. Babana ya sunkuyar da kai. Inna ta ce wa ƙanen nata, "Bar zancen, Amadu, wan miji uba ne." Ni kam ban bari ba. Ni ke ba san nan harawa da dusa, ni ke jan guga ya sha alhali tsarana suna langa a dandali, kuma duk sanda na shafa tozonsa sai in ce a raina, na Inna ne.

Da aka tashi tara a wannan Laraba na ruga gida shan kunu, sai na tarar da fatake biyu daga wajen Maraɗi a turke, suna duba haƙoran shanun. Sun yi tayi mai tsoka, amma sun ce da sefa za su biya, wai naira ta yanke musu. Baki har kunne Baffa ke gaya wa Babana cewa in damina ta kusa zai sayi wasu biyun, riba ta rage. Ya waigo ya ce, "Kai Sani, riƙe mini igiyar nan." Na riƙe. Kalma ɗaya ta isa ta ɓata cinikin, tana nan a kan harshena. Ni da ko ƙwandala na tsinta a hanya sai na kasa barci, na tsaya ina kallonsa yana lasar yatsa yana ƙirga takardun. Na ji akuyar Inna tana kuka a bayan danga, na cije leɓe. Da hannuna na miƙa wa fataken igiyar.

Washegari Alhamis Baffa ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi kasuwar Batsari. Tun kafin la'asar ya dawo, hula a hannu, ya zauna a zaure, aka kai masa tuwo aka dawo da shi ba a taɓa ba. Ba zan ɓoye ba, na ci nawa har na nemi ƙari.

Abin da ban lissafa ba shi ne garmar Baffa ita ce garmarmu. Damina ta faɗi ba mu da shanun huɗa, kuɗin kuma an cinye su a hidimar gida. Da hannu muka yi huɗa, ni da Baba da 'ya'yan Baffa, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Rabin gonar ya kwana ba a noma ba, geron da muka samu bai kai mu ko'ina ba. Da rumbu ya yi ƙasa, Inna ta sayar da akuyarta aka auno dawa, aka tuƙa, Baffa ma ya ci. Na so in gaya mata abin da na yi, sai in ga ramarta in fasa.

Yau duk sun rasu ba wanda ya sani. Sau uku ina kai wa malamai maganar, ina cewa wani yaro ne. Ɗaya ya ce alƙalami bai hau kan yaro ba, amma hankalina bai kwanta ba, don na san abin da nake yi a ranar. Yanzu sefa ta haye naira, turakun garinmu kuma yawanci wayam, ɓarayin daji sun kwashe. Nakan yi marmarin ƙamshin harawa da hucin shanu da sassafe, a gidan da kowa ke raye. Na tuba da yunwar da na jawo mana. Shirun kuwa, har yau na kasa yin nadamarsa.