Karayar Baba da Karayar Inna

A shekara ta uku da aurena, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, iyayena duka biyu suka karye, wata uku tsakani. Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Funtua, kuma gona biyu ce kawai ta raba gidan mijina da gidanmu, don haka kome a idona ya faru.

Baba ne ya fara. Ya hau rumbu zai gyara jinka, tsani ya goce, ya faɗo a kan turmi. Ƙwaurinsa ya karye har ƙafar ta juya. Aka kira maɗorin garinmu, wani dattijo da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Maza huɗu suka danne Baba, maɗorin ya ja ƙafar ta koma daidai, ya jera kara ya ɗaure. Kwana arba'in da 'yan kai Baba ya fara takawa da sanda. Kafin a gama kwasar auduga zuwa Funtua ya jefar da sandar.

Inna ce ta yi jinyarsa, kuma ya girme ta da kusan shekara goma. Ranar da abin ya same ta ina tare da ita a bakin rijiya. Ta cika tulu, na kama mata za ta ɗora a ka, aikin da take yi tun tana yarinya. Sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Tulun ya tarwatse, ita kuma ta zube ƙasa.

Na ce, "Inna, santsi ne?"

Ta ce, "Ba santsi. Ƙafar ce ta tafi, sannan na faɗi."

Ban taɓa jin mutum ya karye yana tsaye ba.

Maɗorin ya zo ya daɗe yana laluben ƙugunta. Baba ya ƙagu, ya ce, "Malam, ka ɗaure mata kamar yadda ka yi mini mana."

Maɗorin ya girgiza kai. "Naka ƙashin karyewa ya yi. Nata ya riga ya cinye ta ciki, kamar itacen da gara ta shiga." Ya zauna a kan tabarma ya ci gaba: "Tun ina bin mahaifina, tsohon da za a kawo mana sai ya faɗo daga bishiya ko sa ya tunkuye shi. Mata kuwa, da zarar al'ada ta ɗauke musu, daga tsakar gida ake kiranmu. Wuyan hannu, ƙugu, gadon baya. Kuma ba su cika haɗuwa da wuri ba."

Duk da haka ya ɗaure. Wata biyu suka wuce, Inna ko juyi ba ta iya yi sai an taimaka mata. Daga ƙarshe mijina ya samo mana wuri a motar auduga, muka kai ta asibiti a Zariya aka ɗauki hoton ƙashin. Wata ma'aikaciya ta ɗaga hoton a taga ta nuna mini. Inda na zaci zan ga fari tas, sai na ga kamar soso.

Ta tambayi Inna haihuwarta nawa. Inna ta ce goma sha ɗaya, kowanne ta shayar da shi shekara biyu. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Da can tsawonta ke nan?"

Na buɗe baki zan ce i, sai na tuna. Inna doguwa ce. Ina budurwa sai na ɗaga kai nake kallon idonta. Amma a rijiyar nan, da na kama mata tulu, kanta a kafaɗata ya tsaya. Shekara da shekaru tana raguwa a gabanmu, har tana naɗe zanenta sau biyu don kada ya ja ƙasa, babu ɗayanmu da ya lura.

Bayan wata huɗu muka dawo da ita, ƙafar ta gajarce. Ba ta sake zuwa gona ba. Sai dai a shimfiɗa mata tabarma a inuwa ta yi kaɗi, haka ta rayu damina huɗu kafin Allah ya karɓi abarsa.

A shekarar da muka dawo daga Zariya, ƙanwar Inna ta zo daga Mahuta duba ta. Da za ta tafi, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya za ta tashi daga tabarma, sai ta ƙwalla ƙara. Wuyan hannun ya karye. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ke, je ki kira Malam."