Ranar da Na Gaishe da Kwamitin Iyaye

Shekarar da annoba ta rufe Kuala Lumpur, 'yata tana aji uku a wata ƙaramar firamaren gwamnati da ke unguwar Setapak. Ita kaɗai ce baƙuwa a ajin, ita ma albarkacin mahaifinta da ke koyarwa a jami'ar gwamnati aka karɓe ta. Da karatu ya koma kwamfuta, aka ba kowane yaro lambar shiga aji, ban da ita. 'Yan ƙasa da shaidarsu ta ɗan ƙasa aka buɗe musu, ita kuwa fasfo gare ta, na'ura ta ce ba ta san zancen ba.

Kullum da safe muna jiyo 'yar maƙwabtanmu ta bango tana amsa wa malama. Sai tawa ta dube ni ta ce, "Mama, today boleh?" wato yau za a bar ta ta shiga? In ce mata gobe. Goben nan ta yi yawa har na fara jin kunyar yarinyar.

Ni a Kano na tashi, inda in hedimasta ya ce a yi, to an yi. Sai na buga wa shugabar makarantar waya. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ikonta bai wuce bakin get ba. Akwai ofishin ilimi na gunduma da ke riƙe da makarantun yankin, sama da shi akwai na birnin tarayya, can ƙoli kuma ma'aikatar ilimi ta ƙasa. Ta riga ta aika da maganar, amma ma'aikata daga gida suke aiki, koke kuma ya yi musu yawa. Na tambaye ta ko akwai wanda za ta haɗa ni da shi a ofishin. Ta yi dariya, ta ce in kai maganar gaban kwamitin iyaye da malamai. Iyaye ne ke zaɓen shugabansa, ita mai ba da shawara ce kawai, amma duk abin da kwamitin ya amince da shi yakan je gunduma a matsayin muryar makaranta, ba kukan mace ɗaya ba.

Ranar Asabar da hantsi aka yi taron ta kwamfuta. Na ci kwalliya har da turare, alhali fuskata kaɗai za a gani. Shugaban wani dattijo ne ɗan ƙabilar Malay, sakatariya kuma wata 'yar Indiya ce mai ido a kan agogo, kowa da ɗan lokacin da aka yanka masa. Sai mutum ya faɗi sunansa, ya faɗi damuwarsa, ya yi shiru. Ko sannu babu. Na ce a raina, wannan wace irin tarbiyya ce?

Da aka zo kaina na yi sallama. Na gaishe da dattijon, na tambaye shi iyali, na tambaye shi ya aka ji da zaman gida. Na gaishe da shugabar makaranta, na yi wa malamai sannu da ƙoƙari, na yi wa marasa lafiya addu'a. Ina cewa "abin da ya kawo ni", sai sakatariya ta kashe mini murya ta kira na gaba.

Maigidana yana gefe yana dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, ai kin manta mai gadi, ba ki gaishe shi ba."

Ban kula shi ba, domin 'yata na tsaye a bayana. A hankali ta ce, "Mama, you didn't tell them," wato ban faɗa musu maganarta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi faɗa, da sakatariyar ko da bakina.

Har an zo rufe taro, sai dattijon ya ce a dakata, shugaba yana da ikon dawo da mai magana. Ya ce, "Baiwar Allah daga Najeriya, kin tambaye ni iyali ban amsa ba. Matata tana asibiti, ba a barina in gan ta. Na gode da kika tambaya." Ya cire tabarau ya goge. "Yanzu faɗa mana abin da ya kawo ki."

Wannan karon ko numfashi ban tsaya yi ba. Da na gama ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Na ga hannaye suna tashi a 'yan akwatunan allon, na mutanen da ban taɓa haɗuwa da su ba. Sakatariyar da nake jin haushi ita ta fara ɗagawa, kuma ita ta yi ta bibiyar ofishin gunduma har lambar ta fito.

Safiyar da 'yata ta shiga aji, ina zaune a gefenta kamar ni za a koya wa. Malama ta kira sunanta, yara suka buɗe muryoyinsu gaba ɗaya suna ihu suna kiranta. Ta amsa da ƙarfi, sannan ta juyo ta kama hannuna ta kai ni bakin ƙofa.

"Mama, please lah, ina class," wato don Allah in ba ta wuri, tana aji.

Ta rufe ƙofar. Na tsaya a bayan ƙyauren ina sauraronta, ina kuka, har shinkafar da na ɗora a wuta ta kama.