Sola Ba Ta Lulluɓi

A ƙauyensu Naja'atu, can gefen Wagini, duk mai sola rufe ta yake yi da zana. Hujjar maza ita ce ƙyallin gilashin yana kaiwa har bakin daji, shi ke jawo 'yan bindiga. Sai ka ga sola a kan rufi an yafa mata zana kamar amarya, masu ita kuma suna ta mitar batir ba ya cika.

Naja'atu ma ta yi wannan biyayyar. Mijinta Sammani ne mai cajin waya na ƙauyen, a wurinsa ta koyi awon batir da mita: jar waya nan, baƙar can, a karanta lamba. Ranar da aka bugo daga Ruma cewa mahara sun fito, wayar Sammani a mace take cikin aljihunsa, don batirin gida ya ƙi cika. Waɗanda kiran ya samu sun bar gona da ƙafafunsu. Shi gawarsa aka ɗauko.

Tana fita takaba ta kafa tsani, ta yaye zanar, ta goge gilashin da gefen zanenta. Tun daga nan, kullum rana ta take sai ta auna batir, ta jera wayoyin mutane a tabarma. Tsoro kam tana jin sa, ko kukan babur ta jiyo sai ta leƙa ta ga ko mahara ne. Haushi ne dai ya fi tsoron yawa.

Ya'u, yayan marigayin, ya yi sallama wata azahar, fuska a murtuke. Ko gaisuwar kirki bai tsaya sun gama ba.

"Naja'atu, so kike ki jawo mana su?"

"Yaya, ai zanar na kan solar suka zo."

"Dattawa sun ce a mayar."

"To, bari ka gani, sai ka kai musu."

Ta hau ta shimfiɗa zanar, ta sauko ta ɗora wayoyin mita a kan batir. Lamba ta yi ta zamewa har ta koma ƙasa da sha biyu. Ta sake hawa ta yaye, lamba ta fara tashi, ta wuce sha uku. Ya'u bai yi boko ba, amma manomi ya san hawa da sauka.

"Lambar saman nan waya ce a kunne," in ji ta. "Ta ƙasan kuwa ka fi ni sanin wanda ta kashe, Yaya. Kai ka yi masa wanka."

Ya'u ya sa hannu a aljihu. Bai ce ta yi daidai ba, ita ma ba ta jira ya ce ba, ta juya tana naɗe zanar don ta gyara dangar awaki. Da ta waigo ya tafi. Wayarsa na kan tabarma, a jere da sauran.