Keken Bature da Kantun Kawu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ɗora mini amanar keken Baturen dabbobi ba, kuma tunda ku yaran ofis kuna yawan tambayata dalilin da ya sa tsofaffin Fulani ke kirana Kantu, gara in faɗa muku da bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri.

A lokacin Turawa ba su daɗe da fara yi wa shanu allurar bushiya a ƙasar Sakkwato ba. Bushiya cuta ce da ke share garke cikin 'yan kwanaki. Tsarin aikin kuwa shi ne, Bature ya fita rangadi da malaman dabbobi, a aika wa ardo ya tara shanu a wuri kaza, a kama su ɗaya bayan ɗaya a yi musu allura. Wahalar ita ce, Fulani na zargin duk saniyar da aka yi wa allura an ƙidaya ta ke nan don jangali. A Illela kuwa iyaka na nan kusa, saboda haka da an ji ƙugin mota sai shanu su zama 'yan ƙasar Faransa.

Ni masinja ne sabon ɗauka, na fito elementare, ina cikin gwaji, ba a ba ni jar dara ba tukuna. Baturenmu muna kiransa Maigoshi. Yana da mota, yana kuma da wani ɗaki na katako mai ƙafa biyu da ake ƙulla wa motar da dogon ƙarfe tana jansa. Ciki akwai gadonsa, da tangaran, da kwalaben magani. Sannan ga keke, wanda yake hawa in hanya ta ƙi mota. Masinjan da na gada an sallame shi ne don keken ya faɗo a hanyar Gwadabawa, ƙafar keken ta lanƙwashe.

Da safen da za mu tashi daga Illela zuwa Garu da Tozai, Maigoshi ya nuna keken, ya nuna ni, ya ce da Hausarsa mai kama da sarar itace, "Keke Tozai lafiya, kai dara. Keke ciwo, kai gida."

Na ce, "To, ranka shi daɗe."

Na fara duba cikin ɗakin. Kukun Bature ya ce in na shigar da ƙarfe kusa da tangaran sai dai in bi ta kansa. Na duba rufi, sai na tuna rassan bagaruwa da ke rufe hanyar Garu. Direbanmu, Baba Tanko, yana zaune yana cin goro, ya ce, "Ɗan nan, aza shi bisa ƙarfen ja, tsakanin mota da ɗaki, ka ɗaure mu tahi."

Na ce, "Baba, in anka sha kwana, gindin mota ba shi murƙushe shi? Ga hayaƙi. In ƙarfen ya cire fa?"

Ya ce, "In ƙarfen ya cire, keke ne ƙaramar magana."

Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali ba. Har yau ina ganin tambayoyina suna kan hanya. Sai na ruga kasuwa wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Ɗanjumma, wanda ya tsufa yana ɗaure wa raƙuma kaya tsakanin Illela da Ƙwanni. Na ce a raina, wanda kayansa ba su taɓa faɗuwa daga bayan raƙumi ba, ai ɗakin katako ba zai gagare shi ba.

Kawu ya zo ya zagaya ɗakin, ya bubbuga shi kamar mai tayin dabba. Ya ce, "Mi kaka tsoro? Kaya ba su tahiya su kaɗai. Kowane kaya sai da ɗan'uwanshi. Keke wannan gefe, abin da ya kai shi nauyi wancan gefe, igiya bisa tozo."

"Kawu, ba shi da tozo."

"Rufin nan mi ne?"

Muka naɗe keken da tabarma, na ƙara da zanen rufata, na cusa tsumma cikin ƙararrawa don kada ta gaji. Kawu ya sa aka kawo kantun gishiri, irin dunƙulen nan mai tsawo da ake saukewa daga arewa. Muka rataye keke a dama, kantu a hagu, can wajen bayan ɗakin inda hayaƙi ba ya kai, igiyar kaba ta bi ta rufi ta haɗa su. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, na ga kamar keke ya ɗan fi, aka ƙara guntun gishiri. Da muka gama Kawu ya ce, kamar yanzu abin ya faɗo masa, "Tunda Tozai za ku, ka sauke ma abokina Mamman kantun. Ya daɗe shina jira."

Damina ce, kuma muna fita gari aka yi yayyafi. Tun daga nan ɗakin ya fara kaɗa gindi kamar kare ya ga mai shi. Baba Tanko ya rage gudu, yana faɗin, "Kun nauyaya mishi wutsiya." Ni ina tsaye a matakin mota, hannu ɗaya riƙe da ƙofa, wuyana a murɗe ina kallon keke. Don haka ban kula da gefen hagu ba, inda kantu ya jiƙe yana ɗiga ruwan gishiri a hanya, tun daga Illela har Garu.

A Garu, Ardo ya tarye mu da 'yan tsofaffin shanu da ba su cika hannu ba. Maigoshi ya ce, "Ina saura?"

Ardo ya nuna arewa da sandarsa. "Sun tahi gaisuwa ƙasar Faransa, ranka shi daɗe. Ba mu san ranar dawowa ba."

Bature ya yi ja har wuya, ya je gindin tsamiya ya zauna aka kawo masa shayi. Ni na tsaya gadin keke.

Ba a jima ba wata jar saniya ta fito daga cikin sabara, hancinta a ƙasa, tana bin sawun motarmu. Bayanta wata. Bayan wannan kuma sai sabarar gaba ɗaya ta fara motsi. Yaran Ardo na bin su da sanda suna kira a hankali, amma saniyar da ta ji ƙamshin gishiri a damina ba ta san muryar kowa ba.

Maigoshi ya ajiye kofi. "Ardo, sun dawo?"

Ardo ya dube su, ya ce, "Waccan jar ta yi kama da tawa."

Shanun suka iso ɗakin, suka rufar wa kantu da lasa. Kowa na dariya ban da ni, don ni kaɗai na gane abin da ke tafe. Duk lasar da aka yi wa kantu, nauyinsa raguwa yake, kuma keke sauka yake yi. Na ga tabarmar ta fara sunkuyowa. Kafin in yanke shawara, wani bijimi ya kama igiyar kaba da ta sha gishiri ya fara tauna. Ni mutum ne mai tsoron ƙaho tun ina yaro, amma na fi tsoron komawa gida in gaya wa mahaifiyata an sallame ni. Na kutsa tsakanin shanu, na taka ƙafar ɗakin, na cafke igiyar sama da bakin bijimin daidai lokacin da ta tsinke. Kantu ya faɗi. Ni na maye gurbinsa.

Ga ni rataye a gefen hagu, keke a dama, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Rigata da ƙwaurina duk sun sha gishiri tun wurin ɗauri, ga yayyafi ya jiƙa su. Shanun da ba su samu wuri a jikin kantu ba sai suka juyo kaina. Wanda harshen saniya bai taɓa bi ta tafin ƙafarsa ba, kada ya ce ya san jarrabawa.

Na ce, "Baba Tanko, ku sauke keken."

Baba Tanko ya taso, Maigoshi ya tare shi da hannu. Shanu ga su tsaye cik, ba mai gudu, ba mai harbi, abin da ba a taɓa gani ba a aikin allura. Ya yi wa malamai alama su fito da kayan aiki. Sannan ya dube ni ya ce, "Masinja, riƙe. Suna son ka."

Na riƙe. Ana yi musu allura suna lasata, har aka gama da garken. Baba Tanko na tsaye kusa yana ba ni haƙuri, yana cewa in daina motsa yatsu don ina ƙara musu sha'awa. Ardo da kansa, da ya ga ba wanda ya yi maganar jangali, ya riƙa nuna waɗanda aka tsallake.

Da aka sauke keken, na kwance tabarmar na duba shi. Ko ƙwarzane babu. Baba Tanko ya ɗauke shi ya aza bisa ƙarfen ja, ya ɗaure da tsirkiyar fata, ya sha kwana a hankali ya nuna mini akwai sauran fili. Daga nan har Tozai ɗakin bai sake kaɗa gindi ba. Duk da haka a matakin mota na tsaya, wuya a murɗe.

A Tozai aka ba ni jar dara. Mamman kuma na miƙa masa abin da ya rage na kantu a cikin tafin hannu. Ya juya shi, ya ce in gai da Kawu, in ce masa saƙo ya iso amma ya rame a hanya.

Abin da na koya, ku riƙe shi. In mota na jan ɗaki, nauyi gaba ake sa shi, kusa da ƙarfen ja, ba a wutsiya ba. Kada ku ɗaure kaya da abin da dabba ke ci. Shawarar raƙumi ta raƙumi ce, kuma in kawu ya ba ku ita, ku tambaya ko yana da saƙo. Daga wannan rangadi ofishinmu bai sake fita allura ba gishiri ba, sai dai na roƙi arziki a riƙa ajiye shi a ƙasa. Ni kuwa har yau, in hanya ta bi da ni ta kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa na ga saniya ta ɗaga kai tana kallona, ba na tsayawa gaisawa da kowa.