Kwanon da Ke Ƙarƙashin Benci

Lokacin da nake aiki a wani kamfanin fata a Challawa, mu Kirista ba mu da yawa, kuma hutun azahar ɗaya ne ga kowa. Jiniya na kaɗawa, abokan aikinmu Musulmi su yi alwala, su yi salla, su wuce bakin ƙofa wurin mai garau-garau. Mu kuwa sai mu taru a bayan sito, wani dattijo mai kula da injin wankin fata ya buɗe Littafi Mai Tsarki. Mutumin kirki ne, amma in ya fara wa'azi ba ya jin birki. Kafin mu ce amin, tukunya sai ƙanzo.

Ni kuma olsa gare ni. In na wuni ban ci ba, jiri ke ɗibana a gaban inji, kuma manaja ya riga ya ce in na sake zubewa in nemi wani aikin.

Abin haushin, ayar da dattijon ya fi so ita ce wadda ta ce kada mu damu da abin da za mu ci, mu dubi tsuntsaye. Na dube su kuwa. Suna can bakin ƙofa suna tsintar shinkafar da Musulmi suka zubar, ba wanda ya tsare su da wa'azi.

Wata rana na kasa haƙuri, na ce, "Baba, ba a littafin nan aka koya mana roƙon abincin yau ba? Ba a nan aka ce in ka sallami mayunwaci da addu'a kawai ba ka yi komai ba? Wacce za mu bi?"

Ya ce, "Ɗana, duk ɗaya ne. Roƙo daban, damuwa daban. Cikinka ne ya toshe maka kunne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Aka tashi, na bi bayansa ina ƙunƙuni har bakin ƙofa. Mai garau-garau tana kankare tukunya, tana ganinsa ta sunkuya ta jawo rufaffen kwano daga ƙarƙashin benci. Har da yankan kifi a kai. Ashe tun da safe yake biyowa ya ce a ajiye masa.

Na ce, "Baba, ashe shi ya sa ba ku damuwa."

Mai abincin ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya tambaye ni tun yaushe rabona da abinci. Na ce tun kokon asuba. Sai ya miƙo mini kwanon da cokalinsa, ya juya ya koma wurin injinsa, ga tsufa ga yunwa. Na cinye tas, kunya ba ta hana ni ba.

Washegari muka taru a bayan sito. Ya buɗe littafin, ya karanta layi ɗaya, ya rufe.

Ya ce, "Amin. Ku yi sauri, tukunya ba ta jira."